Kwaikwayo Ba Shi Ne Gwaninta Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun shiga sha'awar ƙera wasannin kwamfuta, kuma ƙofar shiga ta yi faɗi tun da aka sami manhajoji irin su Unity, wadda ta fito a 2005, da Godot, wadda aka sakar wa kowa kyauta a 2014. Mutum ya zauna gaban bidiyon koyarwa, ya bi malamin sau da ƙafa, kafin la'asar ga ɗan mutum-mutumi yana gudu yana tsalle a allon kwamfutarsa, sai ya ɗauka ya ƙware. Ranar da ya rufe bidiyon ya ce zai yi nasa na kansa, ran nan zai rasa ta inda zai kama. A nan ne akasari ake jefar da aikin, a ce ba a da baiwa.

Ni a ganina ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba. Bidiyo yana nuna maka abin da za ka rubuta, amma ba ya koya maka dalili. Wanda zai wuce matakin 'yan koyo dole ya san lissafin kusurwa da nisa, don na'ura ta gane lokacin da abubuwa biyu suka yi karo. Dole ya san yadda abokin gaba a cikin wasa zai nemo hanya mafi kusa, wadda masana suka fitar da dabararta mai suna A* tun 1968. Kuma idan wasa zai nuna hoto 60 a daƙiƙa guda, to duk wannan lissafi sai ya kammala cikin ƙasa da kashi 17 bisa 1,000 na daƙiƙa. Ga kuma tsara umarnin da ka rubuta, domin in ya yi yawa babu tsari, ka gyara nan can ya ɓalle.

Ciwo na biyu shi ne dogon buri. Eric Barone ya shafe fiye da shekara huɗu shi kaɗai kafin ya fitar da Stardew Valley a 2016, mu kuwa muna son irinsa a hutun zango ɗaya. Alhali Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko a 1984, siffofi bakwai ne kacal, ga shi har yau ana buga shi.

Saboda haka shawarata ita ce kowa ya zaɓi ƙaramin wasan da babu bidiyon da zai kwafa, ya kai shi ƙarshe. Ga dara nan: ka koya wa kwamfuta dokokinta, ka sa ta iya cin ka, za ka ƙaru da abin da darasi ashirin ba su ba ka ba. Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya mana zama irin na Global Game Jam, wanda aka fara a 2009, inda mai zane da mai kiɗa da mai lissafi suke haɗuwa su gama wasa cikin awa 48. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu juriyar ƙarasa abin da muka fara.