Marayun Ƙasar Illela Da Ladan Mai Tsaya Musu

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta wanda shi kansa ya tashi maraya, maganar yau a kan yaran da aka bari ne a ƙasar Illela, da abin da mai tsaya musu saboda Allah yake samu. An keɓe malamai da fatake da wannan magana domin a hannunsu abu biyu suke waɗanda yaro ya rasa ran da aka kai ubansa kushewa, watau mai yi masa tarbiyya da mai nuna masa hanyar neman abinci.

Babu wanda za a ba labari a Lafani ko Kalmalo ko Araba game da abin da shekarun nan suka zo da shi. Cikin watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. Ran 17 ga Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, aka binne mutum 43. Ba a yi wata guda ba, tsakiyar Nuwamba, sai ga su a ƙauyukan Illela da na Goronyo, nan ma aka rasa fiye da 40. A Disamba kuma aka ƙone motar matafiya da mutanenta a ƙasar Sabon Birni. Mai hankali ya san wanda ake tararwa a kasuwa ko a gona ko a hanya galibi magidanci ne, bayansa akwai mata da 'ya'ya. In aka haɗa da waɗanda zazzaɓi da haihuwa da haɗarin mota suke ɗauka kullum, da annobar amai da gudawa ta 2021, sai a ga da wuya a sami unguwar da babu gidan marayu.

Dā can, in mutum ya rasu, ƙanensa ko wansa shi ke kwashe yaran ya haɗa da nasa, ba ya jiran a roƙe shi. Har yanzu zumuncin yana nan, ƙarfin ne ya ragu. Arzikin ƙasar Illela a bakin iyaka yake, tsakaninta da Birnin Ƙonni, inda shanu da wake da albasa suke ƙetarawa. An rufe iyakar nan a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Da sojoji suka tuɓe Shugaba Bazoum ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe ta, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Cikin waɗannan watanni dillali da ɗan dako da direba da mai sayar da abinci a tasha duk suka cinye ɗan jarinsu. Baffan da ke fama da bakuna takwas a gidansa, in aka ƙara masa biyar, ko yana so abin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka nauyin da dā gida ɗaya yake ɗauka, yau sai unguwa ta taru.

To, ga yadda al'ada take tafiya. Ran rasuwa gida ya cika, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, wasu har ta arba'in, sa'an nan a naɗe tabarmi kowa ya koma sha'aninsa. Matar mamaci kuwa tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma. In rasuwar ta faɗo farkon damina, kafin ta fita ciyawa ta cinye gonar, shekarar nan babu damin gero ko ɗaya a rumbu. In ta fita ta yi aure a wani gida, malamai sun san hukuncin da ke cikin Risala da sauran littattafan Malikiyya, riƙon yara ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. Ta haka ne ake iske tsohuwa mai ciwon ƙafa da jikoki huɗu ko biyar, ba ta da abin dogara sai ɗan ƙuli-ƙuli ko daddawa. Ta'aziyya kwana uku ce, maraici kuwa yana kai yaro har balaga.

Akwai kuma wani abu da manya suka cika mantawa. Akan ce yaro bai san mutuwa ba, sai a ba shi alewa a ce masa babansa ya yi tafiya. Yaro ya sani sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi. Baƙin cikinsa ta jiki yake fitowa: mai surutu ya koma shiru, wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wani ya riƙa firgita cikin barci, wanda aka kashe ubansa a gabansa da ya ji ƙarar babur sai ya ruga ya ɓuya. Wanda aka ce masa tafiya aka yi kuwa, kullum yana bakin ƙofa yana duban hanya, ran da ya gane gaskiya ya daina yarda da maganar manya. Abin da ya fi masa shi ne a gaya masa gaskiya da taushin harshe gwargwadon hankalinsa, a bar shi ya yi kuka, a riƙa ambaton mahaifinsa da alheri a gabansa, a koya masa yi masa addu'a.

Wannan hanya tana da asali a Sunna. Sa'ad da aka kashe Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafi gidan da kansa, ya sa aka kawo masa yaran, ya rungume su idanunsa suna zubar da hawaye. Ya umurci iyalinsa su dafa wa gidan Ja'afaru abinci, gama abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya komo, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya roƙa wa Abdullahi ɗan Ja'afaru albarka cikin cinikinsa, ya kuma kwantar wa uwarsu Asma'u 'yar Umaisu da hankali game da tsoron talauci. A duba abin da ke cikin wannan ƙissa: zuwa da ƙafa, da rungumar yaro, da abinci daga maƙwabta, da komowa bayan an watse, da tunanin sana'ar yaro tun yana ƙarami. Yau kuwa sau da yawa gidan mamaci ne ke cin bashi don ya ciyar da 'yan ta'aziyya.

Wani zai ce ai gwamnati tana yi. Gaskiya ne Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta sha raba wa marayu hatsi da tufafin salla a gundumomi cikin watan azumi, kuma wanda ya yi alheri a yaba masa. Amma buhun hatsi sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya ƙare kafin babbar salla. Hukuma ba ta san wane yaro ne ya daina zuwa makaranta ba, ba ta san yarinyar da aka ɗora wa talla har bayan isha'i ba. Wannan sani sai maƙwabci, sai liman, sai malamin allo.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga zamanin da yaƙi ya bar zawarawa da marayu a ƙauyuka. Ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta ɗaura musu malfa, suna jagorantar 'Yan Taru daga garuruwansu zuwa gare ta a ƙafa, su ɗauki karatu su koma su koyar. Sadakar da suke kawowa, hatsi da zuma da tufafi, ana raba wa mabukata. Babu wadda aka yanka wa albashi, amma aikin ya rayu bayan Nana fiye da shekara ɗari. Sirrinsa tsari ne: kowace jaji ta san mutanenta, ta san lokacin tafiyarta.

Irin wannan tsari gari kamar Lafani zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Liman da mai unguwa su zauna su rubuta sunan kowane gidan marayu, sa'an nan a ɗora kowane gida a wuyan mutum ɗaya sananne, wanda zai leƙa ko da sau ɗaya ne a mako, ya zauna ya tambayi yara lafiyarsu da karatunsu. Malamin allo ya yafe musu kuɗin Laraba, in ya ga yaro ya kasa riƙe wankinsa bayan rasuwa ya ajiye bulala ya jawo shi kusa, gama zuciya mai ciwo ba ta riƙe harda. Matasa su kira gayya a gonar marayu, a yi shuka da noman fari da maimai kafin kowa ya gama tasa. Mata su riƙa shiga wurin mai takaba bayan arba'in, lokacin da kaɗaici ya fi tsanani. Falke kuwa ya ɗauki yaro ɗaya wanda ya tasa, ya zaunar da shi a rumfa bayan an tashi makaranta, ya koya masa awo da lissafi da sanin kaya, ya riƙa ajiye masa wani abu har ya zama jari. Kada ya mai da shi bawan da ba a biya, don wannan zalunci ne da rigar taimako.

Wajibi ne a yi maganar dukiya, domin nan ne ƙafa take zamewa. Suratun Nisa'i ta yi tsananin gargaɗi ga mai cin dukiyar maraya, ta kuma yi umurni da kafa shaidu ran da za a miƙa masa ita. A mazhabar Maliku zakka tana hawa kan dukiyar yaro, saboda haka aka ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya yi umurni a juya dukiyar marayu da ciniki don kada zakka ta cinye ta. Wannan aikin fatake ne, amma da sharaɗi: a rubuta adadin shanu da gonaki da kuɗi a takarda, malamai biyu su sa hannu, a riƙa duba lissafi kowace shekara a gaban dangin uwa da na uba. Mai gaskiya ba ya ƙin takarda, ita ce ma za ta kāre shi daga zargi.

Saura magana mai nauyi. Kalmar sa kai, wadda asalinta aikin alheri ne ba don biya ba, yau in an ambace ta sai hankali ya tafi ga masu bindiga. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani da dama a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, kuma su ma waɗannan sun bar 'ya'ya. Marayan ruga da marayan gari hukuncinsu ɗaya ne a shari'a, babu wanda ake kama shi da laifin wani. Yaron da ya tashi ba wanda ya taɓa shafa kansa, ba abin da yake ji sai labarin wanda ya kashe ubansa, shi ne mafi sauƙin ja zuwa daji. A Maiduguri wani lauya, Zanna Mustafa, ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36. Da fitinar Boko Haram ta tashi ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, na sojoji da na talakawa da na 'yan ƙungiyar, suna zama aji ɗaya. Amincin da ya samu ta wannan hanya ya sa ya shiga tsakani aka saki 'yan matan Chibok 21 a 2016, da wasu 82 a 2017, kuma a shekarar 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen. Bai buɗe makaranta don wannan ba, amma ga inda alheri ya kai shi.

Ladan lahira sananne ne ga malamai. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu irin kusancin da mai riƙon maraya zai samu da Annabi a Aljanna, har aka kwatanta shi da yatsu biyu maƙwabta, kuma malamai sun bayyana cewa falalar ta haɗa da maraya na dangi da bare. Akwai kuma ladan da ake ɗanɗana tun a duniya. An ruwaito cewa wani ya kai kukan ƙeƙashewar zuciyarsa, aka nuna masa shafa kan maraya da ciyar da miskini a kan su ne magani. Mutanen da suka shekara suna jin labarin kisa har ya daina girgiza su suna bukatar wannan magani. Falken da ya rena yaro a rumfarsa yakan wayi gari da amintaccen da zai aika Ƙonni ko Legas da kaya ya yi barci. Malamin da ya haƙura da maraya yakan sami mai gadon allonsa. Garin da aka san ba a yar da 'ya'yan mamaci a cikinsa kuwa, kowane magidanci yana fita kasuwa da natsuwa, domin shi ma bai san ran da nasa za su koma hannun maƙwabta ba.

Wanda ya ce ba shi da abin bayarwa ya tuna ba a tambaye shi buhu ba. Sa'a ɗaya ran Juma'a bayan an sauko masallaci ta isa a fara, ko kunya biyu na noma, ko raka yaro asibiti. Abin da ake so shi ne dawwama, gama yaron da ya riga ya rasa mutum ɗaya bai kamata a saba masa da fuska sa'an nan ta ɓace ba. Wanda ya san ba zai iya riƙe gida biyar ba ya riƙe ɗaya, ya riƙe shi da kyau har yaran su tsaya da ƙafafunsu.

Allah shi jiƙan waɗanda suka riga, shi raya abin da suka bari, shi kawo zaman lafiya a ƙasar Illela da maƙwabtanta, shi saka wa masu tsaya wa marayu da mafificin sakamako. Amin. Haza wasalam.