Jean Dupont Ba Ya Kiwo A Tarka

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu haɗa manhaja: wai bayanan gwaji ba komai ba ne, ko me aka zuba a rumbun bayanai ya wadatar, tunda sharewa za a yi kafin a miƙa aiki. Ban yarda ba. Mutanen da ka gwada manhajarka da su, su kaɗai ta sani, duk wanda bai yi kama da su ba baƙo ne gare ta.

Na taɓa zama kusa da wani matashi a Damagaram yana gwada manhajar rajistar makiyaya da za a kai ƙauyukan Tarka. Ya kira Faker, wata ma'ajiya mai ƙirƙiro sunayen ƙarya, ya zaɓi tsarin Faransa. Kafin ƙiftawar ido ga mutum dubu irin su Jean Dupont, kowa da sunan zuriya, da cikakkiyar ranar haihuwa, da lambar gida a kan titi. Manhaja ta karɓe su lami lafiya, ya jingina da kujera ya ce aiki ya kammala.

To, wa zai tsaya gaban wannan manhaja a Damargu, yankin da Tarka take? Mutumin da aka sani da sunansa da na mahaifinsa. A katin shaida Mahamadou ne, a gari Mamman, a wata takardar kuma Mahaman. A ƙauye guda za ka tarar da Abdu Musa uku. Buzu yana da "ag" tsakanin sunansa da na ubansa. Dattijuwa takardarta "vers 1960" kawai ta ce, babu rana babu wata. Waya ɗaya ce ta gidan gaba ɗaya. Bafillace da rani yana bakin rijiya, da damina ya yi arewa da shanunsa, domin yankin yana kan iyakar noma da kiwo da dokar 1961 ta shata. Tsohuwar takarda ta ce Tarka tana cikin gundumar Tanut, sabuwa ta ce Belbeji, domin a 2011 aka raba su. Haruffanmu ma, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma alamar tambaya a rumbun da ba a saita da kyau ba.

Idan manhaja ta ƙi karɓar mutum, ma'aikacin da ke ƙarƙashin bishiya, ga layi ya yi tsawo, ba zai tsaya jiran gyara ba. Zai rubuta 1 ga Janairu, ya sa lambar wayarsa, ya wuce. Daga baya kwamfuta ta ga Abdu Musa biyu masu ranar haihuwa ɗaya, ta ɗauka maimaici ne, ta share ɗaya. Ranar rabon dusa, wannan bawan Allah zai koma gida da igiyar jakinsa kawai, bai san laifin da ya yi ba.

Wasu za su ce to a kwafi jerin mutanen gaskiya a yi gwajin da shi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Sunan mutum da lambar wayarsa da yawan dabbobinsa amana ce. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, ga kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Bai halatta su riƙa yawo a kwamfutar kowane mai gwaji ba.

Abin da nake kira gare shi ba ya cin kuɗi. Mai haɗa manhaja ya ɗauki yini guda ya zauna da maigari, da mai rubuta takardun haihuwa, da ma'aikaciyar asibitin karkara, ya tambaye su irin mutanen da takarda ke ba wahala. Sannan ya ƙirƙiri mutum hamsin da hannunsa, na ƙage amma masu kama da mu: marar ranar haihuwa, masu suna ɗaya, mai mazauni biyu, kishiyoyi masu waya guda. Ya zuba su a rumbu kafin kowa. In manhajar za ta faɗi, gara ta faɗi a kan teburinsa a Damagaram, inda babu wanda ya yi tafiyar yini a kan jaki don zuwa layi.