Awon jinin dengi: a ƙidaya kwanaki kafin a karanta takarda



Mun saba ɗaukar duk masassarar da ta kwantar da mutum a ƙarshen damina a matsayin ta cizon sauro, wato palu. A soki yatsa, a rubuta magani, a koma gida. Shekarun nan lissafin ya fara sauyawa. A 2023 Burkina Faso ta ga annobar masassarar dengi irin wadda ba ta taɓa gani ba: mutum sama da 150,000 aka yi zaton sun kamu, kusan 700 suka rasu, kuma Wagadugu da Bobo-Julaso ne abin ya fi shafa. A watan Agusta na 2023 Cadi ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar a Abeshe. Sudan kuwa ga yaƙi ga dengi, daga Gadarif har Khartum. Gana ta samu nata rabon a 2024. Mu nan Nijar, a Agustan 2022 aka tabbatar da ita a Yamai, a jikin wani da ya dawo daga Kuba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi wa naka.

Shi ya sa awon dengi ya shigo bakin mutane. Matsalar ita ce mutum yakan biya kuɗinsa, a miƙa masa takarda mai haruffa uku, NS1 da IgM da IgG, ya yanke wa kansa hukunci. Alhali waɗannan shaidu uku ne, kuma ba a lokaci guda kowannensu yake halarta ba.

NS1 wani sinadari ne na ƙwayar cutar kanta. Yana cikin jini tun ranar farko ta masassara, ya fara ɓacewa wajen kwana biyar zuwa bakwai. Sauran biyun ba cutar ba ce, makaman da jiki ke ƙerawa ne don yaƙarta. IgM ba ya bayyana sosai sai bayan kwana huɗu ko biyar, sannan ya zauna kamar wata uku. IgG ya fi shi jinkiri a kamun farko, amma idan ya zo, yakan zauna shekaru, wani lokacin har ƙarshen rayuwa.

To, ku duba abin da wannan ke haifarwa. Yaro ya kwana biyu da masassara, aka auna IgM kaɗai, ba a ga komai ba. Uba ya ce alhamdu lillahi, ba dengi ba ce. Ai shaidar ba ta iso ba tukuna. An tambayi wanda bai halarci wurin ba. Ga kuma akasinsa, wanda a ganina ya fi haɗari a ƙasarmu: an ga IgG, aka ce dengi ce, aka daina neman wani abu, alhali sawun tsohuwar cuta ne ta shekara uku da suka wuce, kuma abin da ke cin mutumin yau palu ce ko taifot. Palu ba ta jira. Kuma su biyun suna iya haɗuwa a jiki ɗaya, don haka ganin ɗaya ba ya kore ɗayar.

Akwai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Dengi da masassarar shawara dangi ne, kuma makaman da jiki ya ƙera wa ɗaya sukan yi kama da na ɗayar a idon awo. Duk alhajin da ya tashi daga ƙasashenmu an yi masa rigakafin shawara, yana da katinsa mai ruwan ɗorawa, domin Saudiyya ta sharɗanta shi. Yaranmu ma ana yi musu a wata tara. Irin wannan mutum awon IgG na iya nuna alama a jininsa ba tare da ya taɓa yin dengi ba. Ka faɗa wa lokotoro an yi maka allurar; maganar tana da nauyi.

Kada a fahimce ni cewa IgG ba shi da amfani. Ƙwayar dengi iri huɗu ce. Wanda ya warke daga iri ɗaya ya tsira daga shi, amma idan wani irin ya kama shi daga baya, ciwon na iya fin na farko tsanani. Sanin cewa ka taɓa yi, ke nan, gargaɗi ne. Filifin ta koyi darajar wannan sani da tsada. Daga 2016 aka yi wa yara sama da 800,000 rigakafin Dengvaxia, sai a Nuwamban 2017 kamfanin Sanofi ya bayyana cewa allurar na ƙara haɗarin ciwo mai tsanani ga wanda bai taɓa kamuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma tana ba da shawarar a auna jini kafin a yi ta.

Abin da nake roƙon hukumomin lafiyarmu shi ne kada su tsaya ga sayo kayan awo. A koyar da ma'aikacin da ke ƙaramin asibitin karkara ya fara da tambaya guda: yau kwana nawa? Ɗakin awon da zai karɓi kuɗi ya ɗebi jini bai yi wannan tambayar ba, ya sayar da takarda ne kawai.

A gida kuma, ko takarda ta fito ko ba ta fito ba, dengi ba ta da maganin da ke kashe ƙwayarta. Hutu ne, da shan ruwa da yawa, da parasitamol. A nisanci aspirin da ibuprofen da diklofenak, waɗanda masu tallar magani a bakin titi ke miƙa wa duk mai ciwon jiki, domin suna ƙara zubar jini. Lokacin tsoro kuwa shi ne sa'ad da zafin jiki ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, daidai lokacin da iyali ke cewa an samu sauƙi. Idan aka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi ko hanci, ko mutum ya yi laushi ƙwarai, a kai shi asibiti nan take, ba a jiran sakamakon awo.

Sauron dengi da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta da aka ajiye yake ƙwai: randa, durom, tsohuwar taya. Ladanai da masu kula da masallatai, a leƙa tankin alwala da butocin da aka jingine a lungu, a zubar, a wanke, a rufe, ko sau ɗaya a mako.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.