Kamera ba ta yin fim, mai riƙe da ita ke yi

Yau da samarinmu masu sha'awar fim muke, da kuma masu hure masu kunne. Daga Maraɗi har Damagaram magana guda ke yawo: wai in ba ka da babbar kamera mai 4K, ba ka isa ka kira kanka ɗan fim ba. Mu dai mun ce ƙarya ce, kuma tana cin dukiyar talaka.

Mun ga yaron da ya saida babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, mun ga wanda ya sa uwarsa ta saida tumakinta, duk don kamera. Kuɗi suka ƙare nan: ba mikoro, ba ƙafar ɗora kamera, ba batir na biyu. Fim ya fito, hoto tas, amma ba ka jin komi sai iska da ƙarar injin markaɗe. To wa zai kalla? Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya zama kan maganar da ba ya ji.

Ita 4K ɗin ma, ina amfaninta ga mai koyo? Ta ninka 1080p sau huɗu a yawan ɗigon hoto, sai ta cika katin ajiya, ta zafafa kamera cikin ranar bazara, ta sa ordinatar ta yi ta tsayawa. Ƙarshenta kuma Facebook da WhatsApp su matse hoton, a kalle shi cikin salula.

Shawararmu ita ce: fara da salular da ke aljihunka. Sayi ƙaramin mikoro na maƙalawa a riga da ƙafa mai uku. Yi ɗauka da safe ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana zuba inuwa a idon ɗan wasa. Wajen haɗa hoto, CapCut da VN suna aiki a salula. Mai ordinatar yana da Shotcut da Kdenlive kyauta. DaVinci Resolve ma yana da na kyauta, sai dai yana son inji mai ƙarfi. Ku rabu da Premiere na sata da ake zuba maku a kasuwa, sau da yawa da cuta yake zuwa ya lalata aikin wata guda.

Za a ce mana mai biki ba ya ɗaukar mai salula aiki. Gaskiya ne. To in aikin ya samu, yi hayar kamera ta kwana guda, ka biya daga kuɗin aikin. In ciniki ya kankama, sayi ta hannu, ka gwada ta gaban mai ita.

Mu tuna Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa: da zanen hannu ya yi finafinan da suka kai sunan Nijar duniya. A Amurka, Sean Baker ya ɗauki fim ɗin Tangerine na 2015 da iPhone 5s, a 2025 ya ci kyautar Oscar da wani fim ɗinsa. Labari suka riƙe.

Iyaye, kafin ku kwance tunkiya ku kai kasuwa, ku ce yaro ya nuna maku fim na minti biyar da ya yi da salula. In ya zaunar da ku har ƙarshe, sai a yi zancen kamera. Daidai ruwa, daidai tsaki.