Sahun Juma'a a Kan Kwalta

Jama'a, duk ranar Juma'a babban masallacin New Bell yakan cika maƙil, sahu ya malalo har kan titi, 'yan bensikin su tsaya suna jira. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce ƙasar ba ta bin wani addini, kuma ya ba kowa 'yancin ibada. To amma titi na kowa ne. Cikin masu jiran nan akwai maƙwabtanmu Kirista, wataƙila har da mai kai majinyaci asibitin Laquintinie.

Mu roƙi magajin garin Duwala II ya yanka mana lokaci a rubuce. Mu kuma da liman ya sallame, mu naɗe tabarmi. Gaisuwa da cinikin turare a yi su a gefe.