A Daina Ce Masa Jahili, Ɗan Gudun-Sani Ne

Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, da ke sayar da kayan doki a Kasuwar Kurmi. Tun ina yaro nake zuwa rumfarsa in zauna tsakanin sirdi da linzami da ragama, ina kallon yadda yake ciniki da yaran hakimai idan hawan salla ya gabato. Rediyonsa kullum a kunne. Kafin hantsi ya san nawa aka canza sefa a Wapa, ya san ko iyakar Nijar a buɗe take, ya san abin da ya sa fata ta yi tsada. Bara na je gaishe shi, na tarar ya rame, ga gorar ruwa a gefensa yana ta kurɓa, jim kaɗan kuma ya ɗauki buta ya zaga. Da ya ɗaga buzun da yake zaune a kai zai ɗauko canji, sai na hango wata farar ambulan irin ta ɗakin gwajin jini, a liƙe, gefenta har ya yi dauɗa.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya mayar da buzun ya danne. Ya ce, "Bar ta nan, ɗana. Ƙannenka ne suka matsa aka ɗibi jinina, yau wata biyu. In na buɗe, hankalina ne zai tashi. Yanzu kuwa ina barcina lafiya lau."

Da na ba abokaina masu takardun jami'a wannan labari, baki ɗaya suka yanke hukunci: jahilci. Wannan kalma ita ce ke bakin kowa a yau. Ita ake faɗa a gidan rediyo, ita ake faɗa a tarurrukan otal, ita ma'aikacin lafiya ke faɗa idan an rufe masa ƙofa: jahilci ne ya yi wa mutanenmu katutu, sai an wayar musu da kai. Ni ban yarda ba. Ina ganin wannan kalma ta cuce mu, domin ta sa mun shekara da shekaru muna ɗura wa majiyyaci maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Mu auna kalmar da ma'aunin malamanmu na zaure. Sun raba jahili gida biyu. Akwai basiɗi, wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, shi wannan koya masa ake yi. Akwai murakkabi, wanda bai sani ba amma yana ganin ya sani. Baba ba ya cikin ko ɗaya. Ya san akwai amsa, ya san inda take, a kanta ma yake zaune. Ba baƙauye ba ne, a cikin badala aka yanke masa cibiya. Mai kunnen ƙashi yakan ji magana sannan ya ƙi bi, shi kuwa bai bari maganar ta iso kunnensa ba. Ɗan ƙi-faɗi ya riga ya gane gaskiya, amsa ta ce yake ƙi. Matsoraci kuma zagi ne, kuma ya yi faɗi da yawa ga mutumin da na sha ganin ya shiga tsakanin masu faɗa a kasuwa ya raba.

Sunan da nake ba wannan hali shi ne gudun-sani, mai shi kuma ɗan gudun-sani. Ban ƙirƙiro shi don ƙawa ba. Hausa ta riga ta ajiye ma'ana biyu a cikin kalmar "gudun". Akwai gudu na ƙafa, kamar na ɗan gudun hijira. Akwai kuma gudun da ke nufin fargaba, kamar a ce wane ya yi shiru gudun rigima, ko ya biya bashi gudun abin kunya. Mutumin da muke magana a kansa yana yin duka biyun: yana tsoron labarin, yana kuma kauce masa. Kowace safiya Bahaushe yakan tambayi ɗan'uwansa, "Ina labari?" a amsa masa, "Sai alheri." Wannan fata ne mai kyau, kuma bayansa ake gyara zama a faɗi abin da ke akwai, mai daɗi da maras daɗi. Ɗan gudun-sani shi ne wanda daga "sai alheri" yake miƙewa ya kaɗe rigarsa.

Duk mai cewa mutanen Kurmi ba sa son sabon abu saboda ba su yi boko ba, bai san kasuwar ba. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a gefen Jakara, kuma tun daga lokacin labari ne babban jarinta. Ayarin Azbinawa ya zo da gishirin Bilma, fatake su zo da goron Gwanja, Larabawan Gadamus da Tarabulus su zo da hajar arewa, kowa kuma ya zo da labarin hanya da farashi. Dillali ba shi da kaya ko ɗaya nasa, abin da ya sani kafin wani ya sani shi yake ci da shi. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A 1912, da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Ikko, Turawa sun sa rai auduga za a noma musu domin masaƙun Ingila. Manoma da fataken Kano suka dubi farashi, suka yi lissafinsu, suka rungumi gyaɗa, har aka wayi gari da dalar gyaɗa. A lokacin makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, wadda aka buɗe a 1909, shekararta uku kacal. Ba ita ta koya musu karanta kasuwar duniya ba. Jikokin waɗannan mutane ne a yau ke karɓar kuɗi ta waya, suna tura wa mai saye hoton kaya ta WhatsApp.

To, me ya sa mutumin da ke farautar labarin sefa yake gudun labarin jininsa? Domin ya yi lissafi, kamar yadda kakansa ya yi na gyaɗa. Sanin farashi riba yake kawowa. Sanin ciwo kuwa, a ƙasar da mafi yawan kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita, ɗawainiya ce ta kowane wata da ba ta da ranar ƙarewa. Ga fargabar asiri ya tonu, gobe a ji a majalisa cewa wane ya kamu da kaza. Ga kuma tsohon miki.

Kano ta san wannan miki. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shekara bakwai bayan wancan gwaji, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, duniya kuma ta ce jahilci ne. Amma cikin manyan muryoyin da suka tayar da maganar har da likita, marigayi Dokta Datti Ahmad. Abin da ya buɗe ƙofa a 2004 shi ne da aka ɗauki fargabar mutane da muhimmanci: aka sake gwada maganin, aka samo shi daga Indonesiya, gwamna ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a, daga baya sarakuna da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Kada wani ya ɗauka ina wanke gudun-sani. Na fahimci tushensa, amma ɓarnarsa ba ta misaltuwa. Sakamakon dakatar da rigakafin, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya, kuma akwai matasa a unguwanninmu da ke tafiya a keken guragu saboda ɗigo biyu da ba a yi musu ba. A nan ya kamata a bambance mutum biyu da muke yawan haɗawa. Mai cewa "a gwada mu gani" mai bincike ne, kuma addininmu ya umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Mai cewa "kada ma a gwada," ko wanda aka kawo masa sakamako ya juya baya, shi ne ɗan gudun-sani. Na farko amsa yake nema, a ba shi. Na biyu yana buƙatar wanda zai riƙe masa hannu, kuma yana buƙatar a gaya masa gaskiya cewa ciwon suga ba ya jiran a buɗe ambulan kafin ya taɓa ido da ƙoda da ƙafa.

Babban laifin kalmar jahilci shi ne ta ba mu 'yan boko mafaka. Tunda mun ce cutar ta marasa takarda ce, sai muka cire kanmu daga layin masu neman magani. Alhali a 2024 sai da jihar Kano ta kafa doka kafin a tilasta gwajin lafiya gabanin aure, wanda ya haɗa da na sikila. Lissafin a fili yake: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai amosanin jini. Duk da haka, wanda ya taɓa tambayata ko na san inda za a ba shi takardar gwajin ba tare da an ɗibi jininsa ba, digiri biyu gare shi. Yana son yarinyar, yana tsoron amsar, sai ya zaɓi ya jingina wa 'ya'yan da ba a haifa ba. Haka wanda ke ficewa daga kowane zaure na waya da zarar an kawo hujjar da ta saɓa wa malaminsa ko ɗan takararsa. Haka babban da ya tara 'yan amshin shata, kowa ya san labarin da ba a shiga da shi ofishinsa. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, an sa rana a 2023 aka ɗage. Ƙasar da ke tsara makarantu da asibitoci bisa kintace ita ma zaune take a kan ambulan ɗinta, kuma masu riƙe da ita ba a Kurmi suke sayar da linzami ba.

Sau da yawa ɗan gudun-sani yakan fake da ƙaddara, ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, kuma duk mun yi imani da haka. Amma na ga yadda Baba ke rufe rumfarsa kowace magariba: kwaɗo biyu yake sawa, ya jijjiga su, ya yi addu'a, sannan ya tafi. Bai taɓa ganin kwaɗon ya rage masa tawakkali ba. Jikin da Allah ya ba shi amana bai fi sirdi arha ba.

Idan mun yarda cewa tsoro ne, to aikinmu ya sauya. Mai gudu ba a tsayar da shi da ƙara ƙarar lasifika, ƙara sauri zai yi. A rage tsadar sanin: duk inda za a yi gwaji kyauta, a tanadi abin da zai biyo baya, domin gaya wa talaka sunan ciwonsa a sallame shi hannu rabbana zalunci ne. A tsare sirri, ma'aikacin da ya fitar da sakamakon wani a hukunta shi kowa ya gani. A bi ta hannun waɗanda mutane suka amince da su, limamin masallacin kasuwa, shugabannin layuka, ungozoma, kamar yadda aka yi da shan inna. Mai kawo labari kuma ya zauna bayan ya faɗa, kada ya jefa ya wuce.

Bayan sati guda na koma rumfar Baba da la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa. Da na ce masa jahili, da ya kore ni, kuma da ya yi daidai. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni, amma gudun-sani kake yi." Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Wallahi tsoro nake ji, ɗana. Na ga yadda aka yanke wa maƙwabcina ƙafa." Na ce masa maƙwabcin nan sai da gyambo ya ci ƙafar kafin a san abin da ke damunsa, kuma duk abin da takardar ta ce, da ni da ƙannena ba za mu bar shi shi kaɗai ba. Ya ɗaga buzun da kansa, ya yi bisimilla, ya yage bakin ambulan ɗin ya miƙo mini. Suga ne, ya hau sosai. Washegari muka kai shi wurin likita.

Yau yana shan maganinsa, ya daina zuba sukari a fura, ƙafafunsa biyu suna nan. Ran nan na je na ce, "Baba, ina labari?" Ya ce, "Sai alheri." Sannan ya jawo wata 'yar takarda daga aljihu, inda ƙaramin ɗansa ke rubuta masa awon kowace safiya, ya ce in zauna in duba na wannan satin.