Manchester United: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A daren Laraba 21 ga watan Mayun 2025, tun kafin ƙarfe 8 gidan kallon ƙwallon da nake zuwa a unguwarmu a Maraɗi ya cika maƙil. Kowa ya biya dala 20 a bakin ƙofa, ana zufa, gurup na ruri a waje saboda an ɗauke wuta. A minti na 42 Brennan Johnson ya tura ƙwallo ragar Manchester United, kuma a haka aka tashi wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Bilbao: Tottenham 1, United 0. Wani abokina da muka fara goyon bayan kulob ɗin tare tun muna lakkol ya cire jar rigarsa, ya dunƙule ta cikin aljihu, ya hau babur ɗinsa bai yi wa kowa sallama ba. Kwana uku bai leƙo fada ba.

Ba wasan nan kaɗai ya kai shi bango ba. United ta ƙare gasar Firimiya ta kakar 2024-25 a mataki na 15 da maki 42, an doke ta sau 18 cikin wasa 38. Rabon da ta faɗi ƙasa haka tun kakar 1973-74, lokacin da ta nutse zuwa rukuni na biyu. Hakan ya sa ba ta samu gurbi a kowace gasar Turai ta kakar 2025-26 ba. Abin da ya ƙara wa magoya baya ciwo shi ne Liverpool ta ɗauki kofin ƙasa karo na 20, ta kamo adadin da United ke taƙama da shi tun 2013.

A fadoji daga Yamai har Damagaram, da ma zaurukan WhatsApp na ƴan uwa da ke ci-rani, gardamar ɗaya ce a lokacin. Wasu na ganin laifin mai tsaron raga André Onana ne, wasu na cewa Højlund ba ya cin ƙwallo, wasu kuma sun ɗora wa mai horarwa na lokacin Ruben Amorim da ya nace wa tsarinsa na ƴan baya uku. Kowanne na da hujjarsa. Sai dai daga tafiyar Alex Ferguson zuwa 2025 an sauya masu horarwa na dindindin har shida, an sauya ƴan wasa kusan gaba ɗaya sau da dama, ciwon yana nan. Abin da bai sauya ba cikin shekara 20 shi ne masu kulob ɗin.

An sayi kulob da kuɗin kulob

A 2005 ne Malcolm Glazer, attajirin Amurka mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers, ya saye United a kan wajen fam miliyan 790, kwatankwacin miliyar 600 na sefa a canjin yau. Mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Rance ya ci, sannan ya jinginar da kadarorin kulob ɗin da yake saye. Kulob ɗin da ya shafe gomman shekaru ba a bin sa bashi ya wayi gari da bashin sama da fam miliyan 500 a wuyansa.

Misalin da ya fi kusa shi ne mutum ya je kasuwa ya ga shago mai ciniki, ya ci bashi ya saye shi, ya ce shagon ne zai biya bashin da kuɗin ruwansa, shi kuma duk shekara ya zo ya ɗebi rabonsa. Idan rufin shagon ya fara yoyo, ko kaya suka ƙare a kanta, yaran shago da masu sayayya ne za su ji a jikinsu. Dokar Ingila ta lokacin ba ta hana irin wannan ciniki ba.

Daga 2016 zuwa 2022 United na biyan masu hannun jari rabon riba a kai a kai, abin da sauran manyan kulob na Firimiya ba sa yi, kuma kaso mafi tsoka na tafiya ne ga ƴaƴan Glazer shida da suka gaji mahaifinsu bayan rasuwarsa a 2014. Masu bibiyar asusun kulob ɗin sun ƙiyasta cewa kuɗin ruwa, rabon riba da sauran ɗawainiyar bashin sun lashe sama da fam miliyar 1 tun 2005. Duk da haka bashin bai ƙare ba. A farkon 2025 ya haura fam miliyan 700, kuma in aka haɗa da kuɗin sayen ƴan wasa da ba a gama biya ba, ya kai wajen miliyar 1.

Ko da suka sayar da wani ɓangare na hannun jarin a kasuwar New York a 2012, iyalan sun riƙe irin hannun jarin da kowane ɗaya ke da ƙuri'a goma. Kuɗin jama'a sun shigo, iko bai bar hannunsu ba.

Ai sun sayi ƴan wasa

Masu kare iyalan Glazer na da magana biyu, kuma ba za a watsar da su ba. Ta farko, a ƙarƙashinsu United ta ci Firimiya sau biyar da kofin zakarun Turai na 2008. Ta biyu, kulob kaɗan ne a duniya suka kashe kuɗin da United ta kashe wajen sayen ƴan wasa tun 2013.

Duka gaskiya ne. Amma kofunan nan duk a zamanin Ferguson aka ci su, mutumin da ke riƙe da komai tun daga zaɓen ɗan wasa har zuwa tarbiyyar matasa. Ya yi ritaya a 2013, shugaban gudanarwa David Gill ya sauka a lokaci guda, sai ragama ta koma hannun Ed Woodward, ma'aikacin banki da ya taimaka wa iyalan Glazer wajen shirya cinikin 2005. Woodward gwani ne wajen kawo kamfanonin talla, amma kulob ɗin ya shafe shekaru ba shi da wani ƙwararre mai tsara harkar ƙwallo na dogon zango. Kowane mai horarwa ya zo da salonsa da ƴan wasansa, a kore shi, na gaba ya gaji mutanen da ba su dace da tsarinsa ba.

Ga sakamakon. An sayo Paul Pogba kan fam miliyan 89 a 2016, ya tafi kyauta a 2022. Harry Maguire miliyan 80, Jadon Sancho miliyan 73, Antony sama da miliyan 80. Sancho da Antony sun ƙare kakar 2024-25 a matsayin aro a wasu ƙungiyoyi. Scott McTominay kuwa, yaron gida da aka sayar wa Napoli kan wajen miliyan 25, ya ɗauki kofin Italiya kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Kuɗin da aka zubar ɗin nan ma daga cinikin kulob suka fito, daga tikiti da talabijin da talla. Ba iyalan Glazer suka zaro su daga aljihu ba.

A 2018 Woodward ya shaida wa masu zuba jari cewa sakamakon fili ba shi da wani tasiri na a zo a gani a kan cinikin tallan kulob ɗin. Wannan magana ita ce ta fi kowace bayyana matsalar. Idan mai kulob na samun kuɗinsa ko an ci ko an sha kashi, me zai hana shi barci?

Filin Old Trafford shaida ne. A watan Mayun 2024, a wasa da Arsenal, duniya ta kalli ruwan sama na kwarara daga rufinsa kamar indararo. Da aka zaɓi filayen da za su karɓi gasar Euro 2028, filin maƙwabciya Manchester City aka ɗauka.

Gudun gara, gidan zago

Magoya baya a Ingila ba su yi shiru ba. A 2005 wasu sun ɓalle suka kafa ƙungiyarsu, FC United of Manchester. A 2010 dubbai sun koma ɗaura gyale mai launin kore da ruwan ɗorawa, launin Newton Heath, sunan kulob ɗin na asali. A ranar 2 ga Mayun 2021, bayan yunƙurin kafa gasar Super League da Joel Glazer ke cikin jagororinta, sun kutsa cikin Old Trafford har sai da aka ɗage wasa da Liverpool.

Saboda haka da iyalan suka sanar a Nuwamban 2022 cewa suna iya sayarwa, an yi murna har a nan. Mutane da yawa a fadojinmu sun sa rai ga Sheikh Jassim na Qatar, wanda ya nemi saye gaba ɗaya tare da alkawarin goge bashin. Ya janye a Oktoban 2023. Daga ƙarshe attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya sayi kashi 25 cikin 100 kan sama da fam miliyar 1, daga baya kasonsa ya kusan kai 29. Wato rubu'in kulob ɗin ya fi tsadar abin da aka saye shi gaba ɗaya a 2005. An ba Ratcliffe ragamar harkar ƙwallo, iyalan Glazer kuma suka ci gaba da zama masu rinjaye. Sun sami kuɗi, sun kuma sami wanda zai riƙa shan zagi a madadinsu.

Ratcliffe ya tarar da kulob da ya yi asarar sama da fam miliyan 300 cikin shekara uku, sai ya ɗauko almakashi. An sallami ma'aikata 250 a 2024, aka sanar da sallamar wasu da za su iya kaiwa 200 a Fabrairun 2025. An soke abincin rana na kyauta ga ma'aikata, an soke albashin jakadanci da ake biyan Ferguson. Ana tsakiyar kaka aka mayar da tikitin da ya rage fam 66, ba rangwame ga yara ko tsofaffi. A watan Maris na 2025 Ratcliffe ya ce ba don matakan nan ba, da asusun kulob ya ƙafe kafin ƙarshen shekara.

Mai yiwuwa yana da gaskiya a lissafi. Amma sabbin shugabannin su ma sun yi tasu ɓarnar. Sun tsawaita kwantiragin Erik ten Hag a Yulin 2024, suka kore shi a Oktoba. Sun ɗauko Dan Ashworth a matsayin daraktan wasanni, suka rabu da shi bayan wata biyar. Kurakuran nan biyu sun ci sama da fam miliyan 14. Mai dafa abinci da mai sayar da tikiti ne suka rasa aiki, waɗanda suka ɗora bashin kuma ba a taɓa ko sisinsu ba. Ana cikin wannan aka baje zanen sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000 da zai ci fam miliyar 2, ba tare da cikakken bayanin inda kuɗin za su fito ba.

Mu da ke nesa, ina matsayinmu?

Wani zai ce ina ruwan ɗan Tawa da rufin Old Trafford. Akwai ruwansa. United na tallata kanta da cewa tana da masoya da mabiya sama da miliyar 1 a duniya. Wannan adadi ne take kai wa kamfanoni, kuma da irinsa ta samu yarjejeniyar fam miliyan 900 ta shekara goma da Adidas a 2023. A kakar 2023-24, wadda ta ƙare a mataki na takwas, kuɗin shigarta sun haura fam miliyan 660, mafi yawa a tarihinta zuwa lokacin. Duk wanda ya biya dala 20 a gidan kallo, ko ya sabunta Canal+, ko ya ƙona kuɗin intanet yana bin shafin kulob, yana cikin lissafin. Ana ƙidaya mu ranar ciniki, ba a tambayar mu ranar yanke shawara. Kwana kaɗan bayan kammala kaka mafi muni, an kwashi ƴan wasan da suka gaji zuwa Malesiya da Hong Kong neman kuɗi, har wata tawagar haɗin gwiwa ta yankin ta doke su 1-0 a Kuala Lumpur.

Ba ko'ina abin yake haka ba. A Jamus dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, in ban da ƴan tsiraru. A Real Madrid da Barcelona mambobi ne ke zaɓen shugaba. Hakan bai hana su kuskure ba, Barcelona ma ta nutse cikin bashi, amma aƙalla akwai ranar da mai goyon baya zai iya tsige wanda ya ɓata. A Ingila sai a 2025 ne majalisar dokoki ta amince da dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan masu kulob da bashin da suke ɗora musu. Ga United, dokar ta makara da shekara 20.

Tambayar wa ke da kulob ta shafe mu a gida ma. Ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a gasar Nijar, irin su AS FAN, AS GNN, Jandarma da Duwan, na hukumomin gwamnati ne, yayin da ƙungiyoyin gari irin su Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram, da suka ɗauki kofin ƙasa a shekarun 1980, suka daɗe da barin sahun gaba. A nan ne kawai dala 20 ɗin mai kallo da muryarsa za su iya sauya wani abu, amma mun fi sanin albashin Casemiro da ranar da ƙungiyar garinmu ke wasa.

Amorim ya tsaya a tsakiyar fili bayan wasan ƙarshe da Aston Villa ya nemi gafarar magoya baya. Za a sayo sabbin ƴan wasa, kuma Amad Diallo da Bruno Fernandes na iya sa a yi ihu a wasu darare. Ana iya hawa daga na 15 zuwa na shida, ko ma sama. Amma muddin bashin 2005 na nan, kuma masu rinjaye na iya cin riba ba tare da kofi ba, duk mai horarwar da ya zo gadon matsalar zai yi.

Abokina ya dawo fada a rana ta huɗu. Ya zauna, aka miƙa masa shayi na farko, ya tambayi yaushe za a fitar da jadawalin sabuwar kaka. Iyalan Glazer ba su san sunansa ba, amma a kan wannan dawowar tasa suka gina lissafinsu tun 2005.